Littattafan Shari'ar Ingila: Wanne Za A Saya, Wanne Za A Bari A Kanti

Ɗalibin da ya samu gurbin karatun lauya a wata jami'ar Ingila, ko wanda yake karanta digirin Jami'ar Landan daga gida, abin da zai fara cin karo da shi shi ne dogon jerin littattafai da ya fi ƙarfin aljihunsa. Babban littafi guda sabo fil yakan kai fam 40 ko ya haura, darussan tushe kuwa bakwai ne: dokar kwangila, dokar cutarwa da diyya, dokar laifuffuka, dokar tsarin mulki da gudanarwa, dokar filaye, dokar adalci da amana, sai dokar Tarayyar Turai, wadda ba a daina koyar da ita ba duk da ficewar Birtaniya a ranar 31 ga Janairun 2020. Kafin a zaro ko sisi, a tabbatar littafin na Ingila da Wales ne, domin Sikotland tana da tsarin shari'arta dabam, haka ma Ireland ta Arewa, kuma littafin filaye na Sikotland ba zai tsinana wa ɗalibin Manchester komai ba.

Kaya iri biyar ne a kasuwar. Akwai babban littafin bayani, akwai littafin da ya haɗa yankunan hukunce-hukuncen kotu da sharhi, akwai ƙananan littattafan bita, akwai kundin dokoki tsagwaronsu, sai kuma taƙaitattun takardun darasi da wasu ke sayarwa ta intanet. Idan kuɗin littafi ɗaya kawai gare ka a kowane darasi, shawarata ita ce ka zuba shi a kan na biyun.

Dalilina yana cikin yadda ita kanta shari'ar Ingila ta ginu. Galibin dokar kwangila, da cutarwa, da amana, alƙalai ne suka shimfiɗa su shari'a bayan shari'a, saboda haka wanda bai saba da muryar alƙali ba yana karatu ne daga bakin wani. A shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, ƙaramin littafin bita zai ce maka an kafa ƙa'idar cewa mai sarrafa kaya yana da alhakin kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su, shi ke nan. Littafin hukunce-hukunce kuwa zai zaunar da kai a shagon nan na garin Paisley inda aka ce wata mata ta tarar da ruɓaɓɓen dodon-koɗi a kwalbar lemon citta da aka saya mata, ya nuna maka yadda alƙali Lord Atkin ya tambayi wane ne maƙwabcin mutum a idon doka ya kuma amsa, sannan ya kawo maka hujjar Lord Buckmaster da ya ƙi amincewa. Alƙalai uku ne suka rinjayi biyu, kuma a wannan saɓanin ne ɗalibi ke koyon yadda ake gina hujja da yadda ake rushe ta, wanda shi ne abin da malamai ke ba wa maki. Haka za ka ga an jera maka shari'ar Caparo ta 1990 kusa da ta Robinson ta 2018, dukansu kan yaushe ne mutum ke da alhakin kula da wani, ka gane da idonka yadda Kotun Ƙoli ta ja wa masu ɗaukar Caparo a matsayin ma'auni na kowace shari'a birki.

A darasin amana da filaye ma irin wannan littafi ya fi kowanne amfani. Rigimar gidan da mutum biyu suka zauna a ciki ba tare da aure ba, wadda Stack da Dowden ta 2007 da Jones da Kernott ta 2011 suka yi magana a kai, ba ta shiga kai sai an ga wa ya biya me, yaushe, da kuma yadda kowane alƙali ya auna niyyarsu. A tsarin mulki kuwa, ƙasar da ba ta da kundi guda rubutacce, shari'o'in Miller biyu na 2017 da 2019, kan iyakar ikon gwamnati a gaban majalisa, su ne allon karatu, kuma marubucin kirki yakan yanko maka sakin layin da ya dace ya bi shi da tambayoyi. Aibinsa guda shi ne nauyi, na ɗauka da na karatu. Makonnin farko za ka ji kamar kana tafiya cikin yashi, amma zuwa zango na biyu za ka ga bambanci tsakaninka da abokan ajinka.

Babban littafin bayani yana da kyau, sai dai ɗakin karatun jami'a yakan ajiye shi da yawa, har da na lantarki, don haka aro ya wadatar, in ban da dokar filaye, inda Dokar Kadarori ta 1925 da Dokar Rajistar Filaye ta 2002 suke bukatar mai bayani a kusa da kai kullum. Ƙananan littattafan bita na makon jarrabawa ne, kuma wanda ya mai da su abincinsa na yau da gobe zai ci jarrabawa da ƙyar. Kundin dokoki a saye shi sabo idan jami'a ta yarda a shiga da shi ɗakin jarrabawa, a kuma karanta ƙa'idarta game da rubutu a cikinsa tun kafin a ɗora masa biro. Takardun darasin intanet ban ga dalilin biya musu kuɗi ba.

Duk wannan zaɓe ba shi da amfani idan bugun ya tsufa, kuma a nan ne na ƙone. A shekarata ta farko na sayi littafin dokar laifuffuka a hannun wani da ke talla a zauren WhatsApp na ɗalibai, a kan kusan rabin kuɗi, bangonsa yana sheƙi, an rubuta sabon bugu a kai. Da shi na rubuta aikin aji kan sata, na shimfiɗa ma'aunin rashin gaskiya na shari'ar Ghosh ta 1982 da matakansa biyu: shin mutanen kirki za su ga aikin a matsayin rashin gaskiya, sannan shin wanda ake tuhuma ya san haka za su gan shi. Takardar ta dawo da jan layi a gefen shafi biyu cur, da tambaya guda: ina Ivey? Ashe tun 2017 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ivey, wato rigimar wani ƙwararren ɗan caca da gidan caca na Landan kan fam miliyan 7.7, ta ce mataki na biyun kuskure ne, kuma a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hakan a shari'ar Barton da Booth. Da na koma gida na duba littafin a tsanake, sai na ga tsohon bugu ne aka sake gurzawa aka lulluɓe da sabon bango. Takardar littafin ta fi ta ainihi kauri, tawadar shafin haƙƙin mallaka kuma ta bambanta da ta sauran shafuka. Mai sayarwar ya riga ya fice daga zauren.

Tun daga ranar ba na sayen littafin hannu sai na buɗe jadawalin shari'o'in da ke gabansa. A na laifuffuka ina neman Ivey da Jogee ta 2016, wadda ta sauya hukuncin wanda ya taya wani aikata laifi. A na kwangila ina neman Cavendish da Makdessi ta 2015 kan tarar saɓa yarjejeniya, da Patel da Mirza ta 2016 kan yarjejeniyar da ta saɓa doka, da Dokar Haƙƙin Masu Sayayya ta 2015. A na Tarayyar Turai, duk littafin da bai san dokar 2023 da ta sake fasalin dokokin Turai da suka saura a Birtaniya ba ya zama tarihi. Idan daga nesa kake ciniki, ka nemi hoton wannan jadawali da na shafin haƙƙin mallaka, ka kwatanta lambar ISBN, wato lambar shaidar littafin, da wadda ke shafin kamfanin ɗab'in. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, mai ha'inci kuwa nan take zai fara kame-kame.

Macutan ba su tsaya kan littafi ba. Akwai masu sayar da kalmar sirri ta shiga Westlaw ko Lexis, rumbunan hukunce-hukunce da dokoki na intanet da ake biya, alhali jami'a tana ba ɗalibanta su kyauta, kuma amfani da ta wani na iya jawo maka hukuncin ladabtarwa. Akwai masu sayar da tarin hukunce-hukunce a fayil, alhali suna nan kyauta a BAILII, wani shafin intanet na hukunce-hukuncen kotuna, da shafin Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, dokokin majalisa kuma suna shafin gwamnati tare da gyare-gyarensu. Mafi muni su ne masu cewa za su rubuta maka aikin aji: tun 2022 wannan sana'a laifi ce a Ingila, kuma ɗalibin da aka kama, tabon yakan bi shi har ranar da hukumar lauyoyi za ta tantance halinsa. Sabon salo kuma shi ne takardun darasi da aka haɗa da manhajar ƙirƙirarriyar basira, masu ɗauke da sunayen shari'o'in da ba a taɓa yi ba, matsalar da ta kai Babbar Kotun Ingila ta ja kunnen lauyoyi a 2025. Duk shari'ar da ka gani a irin waɗannan takardu, ka nemo ta a BAILII kafin ta shiga rubutunka.

Wanda ya fara karatun lauya a Najeriya zai ga wasu sunaye da ya sani, irin su Carlill da Donoghue, domin ƙasar ta gaji dokokin Ingila da ke aiki a ranar 1 ga Janairun 1900 tare da tsarin hukunce-hukuncen alƙalanta. Amma kada ya cika akwati da littattafan gida da niyyar tsimi: Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ba ta da alaƙa da rajistar filayen Ingila, Kundin Laifuffuka na Arewacin Najeriya kuma daga na Indiya ya samo asali, ya biyo ta Sudan. Ya fi masa ya bar wurin a akwatin, ya jira makon farko na zango ya ji bugun da malamin darasin ya ambata, sannan ya saya.