Wuƙar HSS da ta kabaid: kowacce da gudunta da cinta

Malam, ka ce ka cire wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai tauri da ake wasawa, ka ɗaura ta kabaid, wato mai bakin haɗin tungsten da ya fi ƙarfe tauri, a tsohon injinka na sassaƙar ƙarfe, ba ka taɓa gudu ba, ba ka taɓa ci ba, wato yawan matsawar wuƙa gaba a kowane juyi, sai ga jikin aikin ya fito da kaushi, bakin wuƙar kuma ya ɓantare. Kana son sanin wacce ta fi. A ganina wuƙar ba ta da laifi, gudun da ka ba ta ne ba nata ba.

Bambancinsu daga zafi ya faro. HSS takan riƙe taurinta har wajen digiri 600 a ma'aunin Salsiyos, daga nan sai bakinta ya yi laushi ya dakushe. Kabaid kuwa yana jurewa har kusan 1000. Don haka a kan ƙarfe mai taushi na yau da kullum, HSS tana son mita 25 zuwa 30 a minti ɗaya, kabaid yana son 120 zuwa 200. Mitocin nan tsawon jikin ƙarfen da ke wucewa ta bakin wuƙa ne, ba juyin inji ba. In kana son juyin, ka ninka gudun da 1000, ka raba da kaurin ƙarfen a milimita, ka sake rabawa da 3.14.

Ɗauki sanda mai kaurin milimita 50. Da HSS a mita 30, juyi 190 ke nan a minti. Da kabaid a mita 150, kusan 950. Ka ga ninki biyar. In ka bar shi a 190, ƙarfen yana mannewa kaɗan-kaɗan a bakin wuƙar, ya taru, ya fizge, ya tafi da ɗan gutsuren bakin. Kaushin da kake gani daga nan yake. Yanzu sauko kan sanda mai milimita 10: HSS tana son 950, kabaid yana neman sama da 4700, tsoffin injuna da yawa kuma ko rabin haka ba sa kaiwa. Shi ya sa nake cewa a ƙaramin aiki a kan tsohon inji, HSS ce gaba.

Akwai kuma batun rawa. Kabaid yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake kamar tangaran. In injin yana da sassauci, ko wuƙar ta leƙo da yawa daga mariƙinta, ko aikin yana da rami da bakin zai riƙa faɗawa yana fita, kabaid zai ɓantare inda HSS za ta shanye bugun ta wuce. Ita kuma in ta dakushe, ka kai ta dutsen wasi ka dawo da ita.

A wajen ci ne mutane suka fi tafka kuskure, don suna jin tausayin wuƙa mai tsada sai su rage mata ci. HSS da aka wasa da kyau tana iya ɗebe abin da bai kai rabin milimita ba, a ci na milimita 0.05 zuwa 0.1 a kowane juyi, ta bar jiki sumul. Yawancin bakunan kabaid na ƙarfe an ɗan daddashe kaifinsu tun daga masana'anta don kada su karye, saboda haka in cin ya yi kaɗan, goga suke yi maimakon yanka. Ka ba shi 0.2 zuwa 0.3 wajen ɗibar farko, zurfin yankan kuma kada ya gaza zagayen hancin wuƙar, wanda yawanci 0.4 ne ko 0.8, a rubuce yake a kan kwalinsa. A kan ƙarfen da ba ya tsatsa, gogar nan ta fi muni, don tana ƙara wa fatar ƙarfen tauri, zagaye na gaba ya zo ya tarar da abin da ya fi na baya wuya.

Ka riƙa duba ɓawon ƙarfen da ke zubowa. Da HSS, fari ko ruwan ƙasa-ƙasa ake so. Da ka ga ya yi shuɗi, rage gudu nan take. Da kabaid, shuɗin ɓawo mai karyewa gajere-gajere alama ce ta cewa zafin yana tafiya da ɓawon, aiki na tafiya daidai. Ruwan sanyayawa ma haka: HSS tana son sa ko yaya ne, kabaid kuwa ko dai a kwarara masa ba yankewa ko a bar shi a bushe, don yayyafi jefi-jefi yana tsattsaga bakinsa.

Kada kuma a zarce. Frederick Taylor, wanda shi da Maunsel White suka fito da HSS a Amurka wajen 1900, ya nuna cewa gudu ya fi ci da zurfi saurin kashe wuƙa. Bisa lissafinsa, ƙarin kashi 20 cikin ɗari a gudu kan bar HSS da kusan rubu'in rayuwarta, kabaid kuma da kusan rabi. Don haka in kana son aiki ya yi sauri, fara ƙara zurfi, sannan ci, gudu a ƙarshe.

Ga injinka, in yana kaiwa juyi 1000 kuma ba ya karkarwa, yi amfani da kabaid a kan duk abin da ya kai milimita 40 zuwa sama, da ƙarfen zubi mai saurin cinye HSS. Ƙananan sanduna, yankan zare da gyaran ƙarshe, bar wa HSS. Gwada sandar nan ta milimita 50 a juyi 900, ci 0.2, zurfin milimita 1, ka ja wuƙar ciki sosai a mariƙinta, sannan ka faɗa mana launin ɓawon da ya fito.