Batirin motar golf a Legas: wanda nake saye da wanda na yi wa rantsuwa

Shekara shida ke nan ina kula da motocin golf, ƙananan motocin nan masu tafiya da batir, guda huɗu a wani rukunin gidaje da ke Lekki, masu gadi na sintiri da su, ana kuma kwaso baƙi daga bakin ƙofa. 'Yan uwanmu da ke irin wannan aiki a otal-otal kan bugo mini waya su ce mota ta ƙi tashi, wane batir za su saya. Abin da nake fara ce musu shi ne su riƙe kuɗinsu tukuna, su ɗauko mita, wato na'urar auna ƙarfin wutar batir.

Mota mai volt 48 yawanci batura shida take ɗauka masu volt 8, ta volt 36 kuma shida masu volt 6. Idan ta cika ta huta, ta 48 za ta nuna kusan 51 a mita, kowane batir wajen 8.5. A auna su ɗaya bayan ɗaya, domin guda ɗaya da ya gaza yana janyo sauran ƙasa. A duba kawunan batir, iskar teku ta nan tana sa su yi wani farin gari mai hana wuta wucewa. Sannan cajar zamani ba ta tashi sai ta ji sauran wuta a jikin batura. Motar da aka jingine wata biyu, ka jona caja ta yi shiru, sai a ce cajar ta mutu a wurgar, alhali lafiyarta ƙalau, baturan ne ke son a ɗan farfaɗo da su ɗai-ɗai da ƙaramar caja. Tsofaffin motocin kamfanin Club Car kuma suna da wata 'yar kwamfuta a ciki mai ba caja izini, ita ma takan zama sanadi.

Idan ta tabbata saye za a yi, ni dai batir mai ruwa nake zaɓa, irin Trojan T-875 na volt 8 ko T-105 na volt 6. Ina son sa ne saboda ba ya ɓoye mini komai. Zan buɗe murfi in leƙa farantan dalmar da idona, in tsoma ma'aunin ruwan batir a kowane rami, in ya kai wajen 1.277 na san ya cika, in rami ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa na san inda cutar take. Kowane mai gyaran wuta daga Agege har Aja ya san hannunsa. Wahalarsa ita ce shayarwa. Zafin Legas yana shanye ruwan, don haka duk mako biyu nake bi da tocila, ina ƙara tataccen ruwa bayan caji, ba kafin caji ba sai in farantan sun fito fili, kuma ban da ruwan leda ko na rijiyar burtsatse. Ka yi masa haka, ka riƙa jona shi duk dare, zai yi maka shekaru.

Batirin litiyam ba shi da nauyi, ba ya buƙatar shayarwa, yana kuma daɗewa, amma kuɗinsa da ciwo, sai da cajarsa ta daban, kuma akwati ne rufaffe da ba ka san abin da aka cusa ciki ba. Mai jel tsada ce kawai. Batirin motar fetur kuwa kada ma a kawo maganarsa, don tayar da inji aka yi shi, wata kaɗan zai kwanta.

Inda na ƙone shi ne wajen jabu. Shekarar da na fara aiki na sayo guda shida a wani shago, lakabi na walƙiya, leda ba a ɓare ba, farashi ya sauko har na ji daɗi. Mai shagon yana ta ce mini "Alhaji, kwantena ce ta iso jiya." Wata uku ba su cika ba mota ta fara tsayawa a tsakiyar hanya da baƙi a ciki. Da muka ɓanɓare lakabin ɗaya sai ga tsohon lakabi a ƙasa. Tsofaffi ne aka wanke, aka sake asid, aka goge kawunan da sanfefa. Rabin kuɗin daga albashina aka cire.

Tun ranar nake zuwa kasuwa da sikeli. T-875 na gaske yana kai kilo 29, dalma ce nauyinsa, wanda ya yi sakayau an rage masa ita. Ina duba kan batir na nagatif, inda Trojan ke buga harafi da lamba, harafin wata ne, A Janairu, B Fabrairu, lambar kuma ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka yi shi. Wanda ya haura wata shida a ajiye ba na so, wanda aka kankare wurin kuwa ko kyauta. Ina neman sawun sifana a kawunan, ina shafa gefen ko ya kumbura. Duka shidan su zama haihuwar wata ɗaya, kuma kada wani ya lallashe ka ka sa sabo biyu cikin tsofaffi huɗu. Garantin baki ba garanti ba ne, a rubuta shi a rasit da lambar kowane batir.

Caja ma akwai tarko. Motocin tokumbo daga Amurka da yawa suna zuwa da cajar volt 120, wutarmu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya ta yi hayaƙi. A karanta farantin da ke jikinta, in ta ce 100 zuwa 240 to, in ba haka ba sai da tiransifoma mai rage wuta. Bakin cajar motar E-Z-GO ba ya shiga motar Yamaha ko Club Car, don haka ka ɗauki hoton soket ɗin motarka a waya kafin ka fita daga gida.