Sigari da sigarin lantarki: abin da kowanne ke yi wa haƙori da dasashi

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe kana shan sigari, kwanan baya ka koma na lantarki, sai ga shi da zarar ruwan sanyi ya taɓa haƙoranka ka ji zugi har tsakiyar kai, dasashi kuma ya fara jini in kana goge baki, abin da ba ka saba gani ba. Kana tambaya ko na lantarkin ya fi ɓarna a baki, ko gara ka koma gidan jiya.

Kada ka koma. Amma kuma ba zan wanke na lantarkin tas ba, yana da nasa laifin.

Mu fara da dasashi, don a nan sigari ya fi yaudarar mutane. Hayaƙinsa yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini na cikin baki, sai dasashin mashayi ya yi fari-fari, ya yi tauri, ba ya jini ko da ciwo na cinsa ta ƙasa. A hankali ƙashin da ke riƙe haƙori yana zaizayewa, dasashi yana ja da baya, saiwa tana fitowa, mai bakin kuwa bai sani ba. Likitocin haƙori sun saba da wannan: mutum ya zo haƙorinsa na girgiza, yana rantsuwa bai taɓa ganin ɗigon jini a buroshinsa ba. Ranar da hayaƙi ya tsaya, jini ya dawo da gudu yadda ya kamata, sai ciwon da ke ɓoye ya bayyana. A 2016 an yi wani ɗan ƙaramin bincike a Landan, aka sa mashaya sigari su koma na lantarki na mako 2, sai aka ga jinin dasashinsu ya ƙaru, kamar dai yadda ake gani ga waɗanda suka daina gaba ɗaya. Saboda haka jinin da kake gani, mai yiwuwa ɓarnar shekarun baya ce ta fito fili, ba sabuwa ba.

Zugin ma da yawansa daga can ya samo asali. Saman haƙori yana da ɓawo mai taurin gaske, ƙarƙashinsa kuma akwai wani sashe mai laushi cike da siraran ƙofofi da ke kaiwa ga jijiya. Saiwar haƙori ba ta da wannan ɓawon, dasashi ne rufinta. In ya ja baya, sanyi da zaƙi da tsami sun samu hanya. Abin da ya hana ka ji tun tuni, sau da yawa dattin da ya daskare ne a gindin haƙoran ya toshe ƙofofin, kamar yaɓen ƙasa a kan tsagaggen bango. To mutum ya bar sigari, ya dubi madubi, ya ga haƙora sun yi ja, sai ya tasam musu da gawayi ko toka ko buroshi mai ƙarfi ko man da aka ce yana sa fari. Datti ya tafi, saiwa ta zauna a buɗe, ga kuma ƙarin gogewa a kanta. In ka yi haka bayan ka sauya, to ka samo rabin amsarka.

Yanzu ga inda na lantarki ya fi sigari damun haƙori. Ruwan da ke cikinsa yawanci haɗin sinadarai biyu ne, furofilin gilaikol da gilisarin, sai nikotin da kayan ƙamshi. Na farkon yana zuƙe danshi, shi ya sa masu sha ke kukan bushewar baki da maƙogwaro. Yawu kuwa ba ƙaramin aiki yake yi ba: shi ke wanke tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, shi ke mayar wa ɓawon haƙori sinadaran da ya rasa. Sigari ma yana busar da baki, amma kara ɗaya yana da ƙarshe, ka zuƙa na 'yan mintuna ka yar. Na lantarki kuwa yana hannu tun safe, a shago, a cikin mota, har kan gado, don ba ya warin da zai tona asiri. Bakin ba ya samun hutun da zai jiƙe. Ga tururin yana da danƙo yana manne wa haƙori, musamman masu ɗanɗanon mangwaro da kankana da alewa. Wani bincike na Jami'ar Tufts a Amurka da aka wallafa a 2022 ya duba bayanan marasa lafiya sama da 13,000, ya samu kusan kashi 79 cikin 100 na masu shan na lantarki suna cikin rukunin da ya fi haɗarin kogon haƙori, sauran mutane kuwa kusan kashi 60. Masu shan na lantarkin a cikinsu ba su da yawa, don haka ban ɗauke shi hukuncin ƙarshe ba, amma ya yi daidai da abin da hankali ke nunawa.

Kuma me mutum ke yi in bakinsa ya bushe? Lemun kwalba, zoɓo mai ƙanƙara, tsotsar alewa. Duk tsami ne da sukari a kan haƙorin da ba shi da yawun kare kansa.

Duba kwalin naka ma. In an rubuta 2%, miligiram 20 ke nan na nikotin a kowane mililita, iyakar da Ingila da Tarayyar Turai suka yarda da ita. In 5% ne, 50 ke nan. Nikotin mai yawa yana sa wasu cizon haƙora cikin barci, su tashi muƙamuƙi na ciwo, haƙora na zugi.

Ta fannin manyan cututtuka kuwa, tazarar tana da faɗi. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa, har da ta baki da harshe da maƙogwaro. Kwaltar da ke rina haƙora da warin baki ma nasa ne. Na lantarki ba ya ƙona ganye, don haka yawancin waɗannan babu su ko sun ragu ƙwarai. Sai dai a 2003 wani mai haɗa magunguna ɗan China, Hon Lik, ya ƙirƙiro irin na yau, kansar baki kuwa takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta nuna, saboda haka duk wanda ya ce maka babu komai a cikinsa ya yi gaggawa. Haɗa biyun, wannan da rana wancan da dare, shi ne na fi ƙi, don ɓarnar hayaƙi ba ta tsaya ba, ga bushewa a kai.

Abin yi ba shi da wahala. Nemi man goge baki na masu zugin haƙori, irin su Sensodyne, da buroshi mai laushi. Safe da dare, ka tofar kawai kada ka kurkure da ruwa, ka ba shi mako 2 zuwa 4 kafin ka yanke masa hukunci. In asuwaki kake yi, a hankali, ban da gurza gindin haƙori. Gawayi da toka a ajiye su. Ruwa ya zama abin kurɓarka, cingam marar sukari yana tayar da yawu, in ka sha abu mai tsami kuma ka jira kamar rabin awa kafin ka goge. Kada jini ya sa ka daina goge wurin, barinsa ne ke ƙara kumburin. Sannan ka rage ƙarfin nikotin mataki-mataki, ka daina kwana da abin a gefen matashin kai, da niyyar rabuwa da shi shi ma.

Ko da zugin ya lafa, ka je likitan haƙori ya auna zurfin dasashin ya wanke dattin da ke ƙarƙashinsa, ka kuma gaya masa shekarun da ka yi kana shan sigari, ba kunya. Zugin da na yi bayani yana zuwa ne kamar walƙiya ya wuce cikin daƙiƙu. In naka yana daɗewa bayan sanyin ya tafi, ko shayi mai zafi na tayar da shi, ko yana hana ka barci, ko haƙori ɗaya ne tak, ko akwai kumburi, wannan kogo ne ko ciwon jijiya, man goge baki ba zai yi masa komai ba. Ƙananan gyambunan baki sukan fito a makonnin farko na barin sigari su warke da kansu, amma duk gyambo ko farin tabo ko jan tabo da ya wuce mako 3 bai tafi ba, a kai shi asibiti ba tare da jira ba.