Darasin yamma na aljabara a Zariya: kwali ya burge ni, Q8 ya raba mu

Wata biyu na yi ina biyan wani mushe, wato malami, mai darasin yamma a unguwar Zariya, don babin rukunai na aljabara (rukuni shi ne tarin abubuwa da ƙa'idar haɗa su biyu-biyu) ya gagare ni. Satin farko ban ji zafin jakunkunana ba, har da kuɗin kabu-kabu. Kwalin sukari ya yanka mai kusurwa uku, ya rubuta 1, 2, 3 a kusurwoyin, ya ce ga S3, rukunin juye-juyen kwalin nan guda shida. Ya kife kwalin yana riƙe da kusurwa ta 1, ya murza shi, sai kifewar ta koma ta kusurwa ta 2. Nan na gani da idona dalilin da ƙananan rukunai uku na cikin S3 masu ɗauke da abu bibbiyu ba distange ba ne. Ƙaramin rukuni H distange ne in gHg⁻¹ yana dawowa H da kowane g na babban rukunin, amma a nan gHg⁻¹ ba ya dawowa gida, gidan ɗan'uwansa yake faɗawa. Shekara guda ina haddar abin nan kamar aku!

Ranar wata Laraba ce ya ɓata rawarsa da tsalle. Ya rubuta a tablo wai duk rukunin da ƙananansa kaf distange ne, to abeliyan ne, wato haɗa x da y daidai yake da haɗa y da x. Na ce, "Mushe, Q8 fa, rukunin nan mai abu takwas na kwataniyon, wato lambobin i, j, k na masanin lissafi Hamilton? ij yana ba da k, ji yana ba da −k, kuma ƙananansa shida duka distange ne." Ya ajiye alli ya ce, "Kai ne mushe ko ni?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na yi gum, ina zanen banza a kaye.

Sati na zagayowa sai ga shi yana yi mana shifta: masanin lissafi Dedekind ya fara nunawa a 1897, ɗan'uwan aikinsa Baer ya kammala a 1933, cewa duk rukunin da ƙananansa kaf distange ne amma shi ba abeliyan ba, akwai Q8 a cikinsa. Ko kallon inda nake bai yi ba.

Da na so in ce ku je, don hannunsa na da kyau wajen misali. Amma sai na tuna fotokopin da ya sayar mana, shafi huɗu babu, daidai wajen rukunin juye-juyen murabba'i mai ƙananan rukunai goma, huɗu ba distange ba. Sau uku ina tambaya, kullum wai wuta aka ɗauke. Kuɗin wata na uku suna aljihuna.