Hattara da masu tallar "kwamfuta biyu a ɗaya" a Zariya

Jama'a, musamman ɗaliban Samaru da Kongo da iyayen da ke tara kuɗi su saya wa 'ya'yansu laftop, akwai wata damfara da wasu masu sayar da na hannu ke yi. Za su kunna ta a gabanka, wani baƙin allo ya fito da layuka, ɗaya an rubuta Ubuntu (wani nau'in Linux, tsarin sarrafa kwamfuta irin Windows), ɗaya Windows. Su shiga wannan, su kashe, su shiga wancan, sannan su ce ai ƙarfinta ninki biyu ne. Sai su ɗora kuɗi a kan farashi, har da wai kuɗin lasisin Linux.

Wallahi babu abin da ya ninka. Allon nan sunansa GRUB, tambayarka kawai yake yi wanne za ka shiga. Hadis ɗin (hard disk, ma'ajiyar bayanan kwamfuta) guda ne aka tsaga, kamar ɗaki ɗaya da aka raba da katanga. In 256GB ne, Windows ta ɗauki rabonta, Ubuntu ya ɗauki nasa, kai kuma ka matsu. RAM ma, wato ƙwaƙwalwar aikinta, in 4GB ne, yana nan a 4GB. Shi kuwa Ubuntu kyauta ne tun da kamfanin Canonical ya fito da shi a 2004, duk mai data zai iya saukewa ya ɗora a filashi. Mai gyara ya karɓi ladan aikinsa, wannan halak ne, amma kuɗin lasisi ƙarya ce tsagwaronta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na BitLocker, makullin da Windows ke kulle hadis da shi. Windows 11 kan kulle hadis da kanta, kuma in an taɓa tsarin tashinta, sai shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka buɗe ta da shi. In na mai shagon ne, to yaron da ke ajin ƙarshe, da furojet ɗinsa da duk bayanan da ya sha wahalar tarawa, sun koma hannun wani. Ya koma shago a ce sai ya biya kuɗin buɗewa, ko ya kira ya ji lamba a kashe. Ba tare da mabuɗin ba, ko Kaduna ya kai ta sai dai a goge komai.

Wasu kuma tsofaffin injina ne marasa TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin injin), waɗanda Windows 11 ba ta karɓa a ƙa'ida, alhali Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Da Ubuntun ake rufe wannan aibin.

Kafin ka miƙa ko sisi, buɗe Disk Management na cikin Windows a nan cikin shagon ka ga girman hadis ɗin da idonka. Shiga da asusunka na kanka, ka rubuta mabuɗin a takarda ka adana, kuma a saka maka lambar jikin laftop ɗin a rasit. Wanda karatunsa ke buƙatar Linux da gaske, ya fara kwafe aikinsa a filashi kafin kowa ya taɓa masa hadis.