Baka Mai Zagaye da Baka Mai Tsini a Cocin Ƙauyen Ingila

Cocin Kilpeck, ginin wajajen 1140, bakansa, wato lanƙwasar gini ta saman ƙofa ko taga, rabin da'ira ne. Irin wannan baka tsayinsa rabin faɗinsa ne, babu ƙari babu ragi, kuma yana tura bango waje da ƙarfi. Dole magini ya kaurara bango, ya ƙanƙanta taga. Ko da tsakar rana ciki duhu-duhu yake. In harsashin ginin ya nutse, sai bakan ya buɗe ya tsage.

Na Long Melford kuwa, da kuɗin cinikin ulu aka sake gina shi daga 1467 zuwa 1497. Bakansa mai tsini ne, nauyi na sauka kan ginshiƙai, shi ya sa bango ya koma kusan gilashi zalla. Ya fi haske nesa ba kusa ba. Sai dai ƙarfen da ke riƙe tagogi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa dutse.