Bas ɗin birni: bayodizal, etanol ko iskar shara?

Kafin hukumar sufuri ta sa hannu a kan takardar sayen sababbin bas, ya kamata ta fara sanin inda mai zai riƙa fitowa har motocin su tsufa.

Bayodizal ya fi sauƙin shiga. Daga man girki ake yin sa, har wanda aka gama suya da shi. Gaurin kashi 20 cikin ɗari da man dizal, wato B20, injina da yawa na ɗauka ba tare da gyara ba, kuma birnin Curitiba na Brazil ya fara tafiyar da wasu bas da zallarsa a 2009. Amma a makonnin farko filta kan toshe, domin man yana kwaso dauɗar da ta daɗe a tanki, kuma ba ya jure dogon ajiya. A wurin da kwalbar man gyaɗa ke neman gagarar uwargida, ba na goyon bayan a zuba shi a inji.

Etanol, man da ake yi daga rake da makamantansa, sai da inji na musamman, irin na kamfanin Scania da birnin Stockholm na Sweden ya yi shekaru yana amfani da shi. Lita guda ba ta kai kashi biyu bisa uku na ƙarfin dizal ba, don haka motar tana shan mai sosai. Ya dace da ƙasar da rake ya wadata.

Bayogas, wato iskar gas da ke fita daga ruɓaɓɓiyar shara, shi ne zan zaɓa, domin ɗanyen kayansa yana hannun birni. A Linköping ta Sweden, jini da tumbi da sauran ragowar mahauta aka fara ruɓarwa a manyan tankuna, kuma zuwa 2002 bas ɗin cikin gari duk sun koma kan iskar. Sai dai ɗanyar iskar kusan rabi zuwa kashi biyu bisa uku ne kawai methane, wato ɓangaren da ke cin wuta. Dole a tace ta, a cire sinadarin da ke cin ƙarfe, kuma nan kuɗin yake. Da zarar an tace, kowace bas mai CNG, wato iskar gas da ake matsawa a tukunya, za ta sha. Tunda cire tallafin mai a 2023 ya tura Najeriya kan CNG, birni irin Kano mai babbar kwata zai iya sayen motocin yanzu, ya gina matatar daga baya. A rubuta cikin kwantiragi cewa garantin inji ya haɗa da iskar da aka tace daga shara.